Ba A Jan Ango

A siton da nake aiki yanzu, a unguwar masana'antu ta Jidda, samarin da muke lodin kwalaye tare sun gano wani tsohon bidiyo nawa. Yawancinsu haihuwar Jidda ne, Hausarsu rabi Larabci. Da hutun azahar Haruna ya ɗaga wayarsa yana nuna wa kowa: ga ni nan kai ba rawani, ina tafiya da baya a gaban wata farar goɗiya, ina dukan iska da sandar tsintsiya. Suka yi ta dariya har wani ya ƙware da shayi. Haruna ya ce, "Wallahi ya Ammu, da ni ne ba zan bar wannan shugul ba. Ka ja doki, ka ci biryani, halas."

Ni ban iya magana cikin taro ba, tun ina ɗalibi haka nake. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya iya karatun Hausa a cikinku ya karanta wa sauran. Ranar da kuka gani a bidiyon nan ita ce ranar da za a yanke ko goɗiyar za ta ci gaba da zama a bargarmu ko a sayar da ita. Amma ba za ku gane ba sai na fara daga aikin kansa.

Daga Funtuwa na zo umra, da niyyar in nemi gurbin karatu a ƙasar nan. Gurbi bai samu ba, biza ta ƙare, na zama ɗan takari kamar kowa. Ina kwana a wani ɗaki a Ammariyya, jakar littattafan nahawu ita ce matashina. Wani da muke sallah tare ya ce akwai barga can bayan Waziriyya da ke neman mai kwashe kashin dawaki, kuma sun fi son wanda ba ya surutu. A gida ko jaki ban taɓa riƙewa ba. Na je.

Bargar ta wani Basa'udiye ce, Abu Fahad, amma wanda ke riƙe da aikin wani dattijo ne ɗan Indiya, mutumin Haidarabad, muna ce masa Ammu Rashid, wato Baffa Rashid. Da ya ga littafi a aljihuna sai ya sa mini suna Ustaz, kuma har muka rabu bai taɓa kirana Sunusi ba. Aikinsa rakiyar angwaye. Indiyawan Jidda da yawa ba sa komawa gida yin aure, haya suke yi ta gidan biki a bayan gari, irin wanda ake kira istiraha. A al'adarsu ango ba ya shiga kamar wani baƙo. Danginsa ne ke rako shi bisa farar goɗiya, da kiɗa da rawa, daga bakin hanya zuwa ƙofar da dangin amarya ke jira. Wannan rakiya ita suke kira barat. Tazarar ba ta wuce wadda mutum zai taka kafin shayinsa ya huce ba, amma sai su ɗauki lokacin da ya fi huɗubar Juma'a. Jinkirin nan shi ne darajar. Dangin da suka yi sauri, ai cewa za a yi ɗansu ya rasa mata.

Aikin farko da aka ba ni bayan kwasar kashi shi ne wankan Moti. Sunan goɗiyar ke nan, ma'anarsa lu'ulu'u. Farin da kuka gani a bidiyo ba haka ta tashi da shi ba. Fitsarin barga da jar ƙurar bayan gari suna mai da farin doki ruwan ɗorawa. Sai a wanke ta da sabulu, a ɗauraye, sannan a zuba bula kaɗan a ruwan ƙarshe, irin wadda ake sa wa farar riga. In bula ta yi yawa, fitilun biki za su nuna ta shuɗiya. In ta yi kaɗan, rawayar za ta fito a hoto. Ammu Rashid ba ya aunawa da cokali, tsoma gefen farin tsumma yake yi ya ɗaga wa rana. Na yi watanni kafin idona ya iya wannan. Daga nan a ƙunsa mata lalle a ƙafafu har gwiwa, da bakin jela, a taje geza a kitse ta da jan zare. Jalalar da ake ɗora mata ja ce mai aikin zinariya, nauyinta ya kai na bargon sanyi, saboda haka ba a sa ta sai an isa wurin. Kun san zufar Jidda. In ka ɗaura tun daga barga, kafin ango ya hau bula ta bi gumi ta zubo mata a ciki layi-layi.

Akwai wani ango mai aikin kantin magani da ba na mantawa, domin a kansa na koyi kula da ƙafa. Su angwayensu ana ɗaura musu wani labulen fure a goshi, na farin fure mai ƙamshi, ful, da ake kawowa daga Jizan da jan wardi, ya sauko ya rufe fuska har ƙirji, wani ma har gwiwa. Ango ba ya ganin komai. Ga nauyi, ga ƙamshi mai hawa kai, ga doguwar riga mai maɓallai har wuya. Yawancinsu kuma ma'aikatan ofis ne da ba su taɓa hawa dabba ba. To, ana tsakiyar rawa sai na ga Ammu Rashid ya zura hannu ƙarƙashin jalala ya damƙe idon sawun angon, ya yi wa ƙanen angon raɗa ya kawo ruwa. Ashe suma ce ke zuwa. Daga baya ya nuna mini: fuskar ango a rufe take, bakinsa ba zai faɗa ba don kunya, amma yatsunsa cikin likkafa ba sa ƙarya. In sun ƙanƙame, tsoro ne, wannan ba komai. In sun saki, faɗuwa ce. Tun daga ranar rabin hankalina yana kan goɗiya, rabi kan takalmin ango.

Ranar da aka fara ba ni ragama, masu rawa suka matsa gaba, Moti ba ta motsa nan take ba, sai na ɗan ja. Ammu Rashid ya make bayan hannuna a gaban mutane. Da muka koma barga ya ce mini:

"Ustaz, akuya ake ja zuwa mahauta. Ɓarawo ake ja zuwa gaban alƙali. Ango da kansa yake zuwa."

Ya ce in aka ga ragama ta miƙe a hoto, 'yan'uwan amarya za su riƙa tsokanar mutumin nan har ya yi furfura, su ce jawo shi aka yi. Ya san gidan da irin wannan wasa ya zama gaba. Saboda haka ragama kullum a sake take, tana lilo kamar sarƙar wuya. Mai riƙe ta ado ne kawai, da kuma tsaron abin da ka iya faruwa. Moti ma haka ta taso. In ka ja ta, ƙafa take kafewa.

Na tambaye shi to me ke tafiyar da ita. Ya ɗauki bokitin ƙarfe ya zagaya bayanta ya sake shi a kan siminti. Sauran dawakin suka zabura, har wani ya tsinke igiya. Moti ko kunne ba ta kaɗa ba, ta ci gaba da cin harawarta. Kurma ce. Shekarun ganguna da abin fashewa a gindin kunne sun tafi da jinta. Masu biki suna ta yabon jarumtarta, wai ko wuta aka harba ba ta gezau, mu kuwa ba mu taɓa gyara musu zancen ba.

Da ido take aiki. Shugaban makaɗanmu wani dogon mutum ne, Ƙasim, yana ɗaura jan ƙyalle a kan gular da yake kaɗa ganga da ita. Kullum yana fuskantar Moti, yana tafiya da baya. In ya ɗaga gula sama da kai yana saukewa da ƙarfi, sai ta taho a hankali, taku ɗaya-ɗaya. In ya sauke hannu yana kiɗa a ƙasa-ƙasa, sai ta tsaya, masu rawa su yi rawarsu. Ammu Rashid da Ƙasim ne suka koya mata wannan tun jinta na raguwa. Jama'a na ganin mu muke tafiyar da barat, alhali tsakanin jan ƙyalle ne da idon goɗiya.

Saura abu ɗaya, wanda ya shafe ni ni kaɗai. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Ku da aka haifa a nan kun san yadda marar takarda ke tafiya a titi: gefen bango, kai ƙasa, kunne na sauraron motar jawazat, jami'an shige da fice. Ni kuwa sana'ata ta ajiye ni a wurin da ya fi ko'ina haske da masu ɗaukar hoto. Ammu Rashid ne ya yi mini dabara. Ya naɗa mini jan rawani irin na masu rakiya, ya bar jelarsa ta rufe mini baki da hanci, ya ce in tsaya daidai kafaɗarta ta hagu, fuskata na kallon wuyanta. Akwai faifan biki a gidajen Indiyawa da yawa a garin nan da nake ciki, amma ba abin da za ka gani sai bayan wani baƙin mutum da rawani. Haka na yi shekaru. Abu Fahad ya san halin da nake ciki, yana kau da kai muddin ba wanda ya san fuskata.

Sai shekarar annoba ta zo. Aka rufe gidajen biki. Ƙasim da yaransa ba su da abin yi, kafilinsu, ubangidan da ya tsaya musu kan biza, ya sallame su, suka bi jirgin masu komawa gida. Ammu Rashid ya kwanta ciwo, ya tashi ba ƙarfi, 'ya'yansa suka matsa ya koma. Ranar da zai tafi ya zo barga ya daɗe yana shafa goshin Moti, ni kuma abin da ya ce mini kawai in riƙa duba kofatonta na baya, yana tsagewa in ƙasa ta bushe. Bai yi shekara a can ba labarin rasuwarsa ya zo. Abu Fahad ya sayar da dawakin ɗaya bayan ɗaya. Moti ce ta rage, don ta tsufa, ba mai taya ta da daraja. Ni da ita muka zauna a bargar da ta zama kango. Ina ba ta sha'ir da harawa, ina zagayawa da ita cikin fili da yamma, ina wanke ta ranar Alhamis kamar akwai inda za mu.

Da aka buɗe gari ma bikin bai dawo yadda yake ba. Waɗanda suka yi aure lokacin kulle sun gano cewa mota da aka liƙa wa fure ta isa. Ga rusau ya zo ya watsa unguwanni, mutanen da suka san mu suka bazu. Wata rana Abu Fahad ya zo ya tsaya a bakin turke ya ce an kira shi kan biki ɗaya, ɗan wani injiniya, kakar yaron ce ta kafe sai an yi barat irin na gida. Ya ce in abin ya yi kyau har wasu suka biyo baya, Moti za ta zauna. In ba haka ba, akwai wani mai ba yara hayan dawaki a bakin teku da ya daɗe yana tambaya.

Na san dawakin bakin teku. Daga la'asar har a tashi ana jansu da igiya, daga wannan fitila zuwa waccan.

Na shiga neman makaɗi. Na samu wani mai dafa abinci a Waziriyya, Nadim, wanda ke kaɗa ganga ranar hutunsa. Na saya masa jan ƙyalle na ɗaura a gularsa, na riƙa kawo shi barga muna gwadawa. Da farko Moti ba ta yarda da shi ba, don gajere ne, hannunsa ba ya kai inda ta saba gani. Na sa shi ya riƙa miƙewa sosai. A hankali ta karɓe shi. Ranar bikin bula ta zauna daidai, lalle ya kama, kofaton nan na shafe shi da mai.

Muka isa istirahar bayan magariba. Na ɗora jalala, na ɗaure majayi, na duba ko'ina ban ga Nadim ba. Kawun ango, wani mai tumbi da waya biyu a hannu, ya ce ai sun sallame shi tun da rana. Abokan ango sun ce ganga kayan tsofaffi ce, sun zo da waƙoƙinsu. Ya nuna mini wata ƙatuwar lasifika a kan baro, wani saurayi na turawa. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani da ɗan Larabcina na littafi, ya ce kiɗa kiɗa ne, yalla, amarya na jira.

Aka ɗora ango. Aka kunna lasifika, ƙarar har cikin ƙirji. Maza suka yi rawa a gaba, suka gaji, suka matsa, suka waiwayo. Moti na tsaye. Idonta na yawo cikin taron, daga wannan hannu zuwa wancan. Hannaye da yawa a sama, amma duk waya suke riƙe da ita.

Mai baro ya turo lasifikar har gindin kunnenta. Wani ya je bayanta yana tafa hannu. Kawun ya zo ya ce in ja ta. Kafin in amsa, kakar angon, wata 'yar tsohuwa da ke zaune a kujerar guragu a gefe, ta ɗaga sandarta ta yi masa faɗa da yarensu. Ban ji kalmomin ba, amma na san abin da ta ce. Ya rabu da ni ya koma yana waya. Can ƙofa ana ta leƙowa, an aiko yaro, an sake aikowa. Rawa ta mutu, waƙa na ta yi ita kaɗai.

Sai na ji murya daga cikin furen, ƙasa-ƙasa, da Larabcin Jidda.

"Ya Ammu, me ke faruwa? Dariya suke mini?"

Na ce masa a'a, goɗiya ce ke hutawa. Na duba takalminsa, yatsun sun fara saki.

A jikin katanga akwai tsintsiyar mai shara, irin mai doguwar sanda. Jan ƙyalle kuwa babu shi a wurin sai wanda ke kaina. Na kira ƙanen angon na ba shi ragama, na ce ya riƙe ta a sake, ɗaya hannun kuma ya kama ƙafar wansa. Na cire kan tsintsiyar. Na warware rawanina na ɗaura a bakin sandar. Na je na tsaya inda Ƙasim ke tsayawa, na fuskance ta, na ɗaga sama da kaina na sauke a kan gangar da babu.

Ta dube ni. Ba ta taɓa ganina a wannan wurin ba. Na sake ɗagawa, na ja da baya. Ta ɗaga ƙafa.

Abin da ya biyo baya kun gani. Jama'a suka ɗauka wata rawa ce ta mutanenmu, suka fashe da dariya da tafi, samari suka zagaye ni suna kwaikwayo, fitilar kowace waya a fuskata. Ni kuwa aiki nake yi. In na ga masu rawa na son tsayawa sai in sauke hannu, in sun matsa in ɗaga. Ragama ba ta miƙe ba ko sau ɗaya, ku koma ku duba. Muka kai ango ƙofa a zaune bisa sirdi, aka sauke shi, dangin amarya suka karɓe shi. Tsohuwar ta sa aka turo ta har inda nake, ta ɗora mini hannu a ka.

Kwana kaɗan bayan haka Abu Fahad ya zo barga da wayarsa a hannu. Ya ce bidiyon ya zagaya gari, ɗansa ma an turo masa. An kira shi daga wurare da yawa, kowa na son a kawo masa goɗiyar tare da Batakaren nan mai dukan iska. Aikin da muka yi shekaru muna jira ya zo. Amma ya ce yanzu kowa ya san fuskata, an kuma san bargar wa nake, in jawazat suka zo ni tarhil za a kai ni, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, shi kuma a ɗora masa laifin ajiye marar takarda. Na ce Nadim zai iya tsayawa a gaba, wani ya riƙe ragama. Ya ce masu kiran ba ganga suke so ba, ni suke so, kuma shi ya gaji.

"Halas ya Sunusi. Ka yi abin da za ka iya."

Ya ba ni mako guda in nemi wurin zama. Kafin makon ya cika ya sayar da Moti, mai dawakin bakin teku ya zo da motar ɗaukar dabbobi, shi da ma'aikatansa. Suka sauke katakon hawa, suka sa mata igiya suka ja. Ta kafe. Suka ja su uku, ɗaya ya zagaya baya da bulala. Na ce su dakata. Na shiga ɗakina na ɗauko rawanin, na ɗaura a sandar shebur, na hau katakon da baya ina ɗagawa ina saukewa. Ta biyo ni taku ɗaya-ɗaya, wuya a lanƙwashe, kamar akwai ango a bayanta, har cikin motar. Na sauke hannu ta tsaya. Na fita ta ƙaramar ƙofar gefe, suka rufe.

Na bi mutumin har wurin tagar direba. Na gaya masa ba ta ji, kada a yi mata tsawa a ɗauka taurin kai ne. Na gaya masa zancen kofaton baya. Na ce kuma ita ba a janta, tun da take ba a taɓa janta ba.

Ya tada mota, ya leƙo ya ce, "Za ta koya."